Rumman ɗin da Na Kai Kumasi

Tun ranar da na dawo ba a naɗe tabarmar tsakar gidana ba. Wannan ta shigo ta ce in ba ta labarin Gana, ina tsakiyar bayarwa wata ta yi sallama ta ce in koma farko. Maman Sadiya sau uku tana jin labarin teku, jiya ma ta dawo wai ba ta gane inda ruwan ya ƙare ba. Murya ta dushe mini. Shi ya sa na sayi littafin rubutu a shagon bakin layi, na ce bari in zuba shi sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Ku yi haƙuri da hannuna, a aji huɗu na tsaya.

Kun dai san ni. Shekara talatin da wani abu ina Kaduna, amma gadar nan ma sai in shekara ban tsallaka ta ba. Abin da ya fitar da ni har na ƙetare ƙasa biyu na shiga ta uku, 'yata ce ta fari da ke aure a Kumasi ta sauka. Ba na kama sunanta. 'Yar Kumasi kuke ce mata, ni ma haka zan ce a nan. Likita ya hana ta doguwar tafiya, ba za ta zo wanka gida ba, sai gida ya je wurinta.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba kafin in tafi, yau zan faɗa.

A tsohon gidanmu na kwatas, can wajen Doka, na haife ta. Ungozoma ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, Malam maigidana kuma ya zo da wani ɗan reshe daga ofishinsu ya soka a wurin, wai don kada a riƙa takawa. Reshen nan ya kama, ya zama bishiyar rumman. Tare suka girma. A gindinta ta koyi zama, a gindinta take cin abinci in ta yi fushi da mu. 'Ya'yan bishiyar ƙanana ne, fararen ƙwayoyi, ga tsami mai sa mutum ya runtse ido. Ba mai shan su sai ita.

Da Malam ya yi ritaya muka bar kwatas muka dawo nan Kurmin Mashi. Bayan wata biyu na koma gaida tsohuwar maƙwabciyata, na leƙa ta kan katanga. Siminti na gani, da rumfar mota. Wanda ya gaje mu ya sare ta. Ban ga laifinsa ba, mota gare shi. Na tsaya ina kallon wurin kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Da zan juya sai na ga wani ɗan busasshen rumman a gindin katangar ta waje, bai fi babban yatsa ba, da ɗan kambinsa a baki, da wata tsaga a gefe inda tsuntsu ya taɓa sara. Na ɗauka na naɗe a auduga na sa a gwangwanin turare.

A lokacin cikin 'yar Kumasi wata biyar. Duk wayar da za ta yi, ƙarshenta ɗaya ne: "Umma, in za ki zo ki taho mini da rumman na bishiyata. Har mafarkinsa nake yi." In ce to. Mai ciki ba a tayar mata da hankali, maijego kuma ruwan nono ake tsoro. Haka na yi ta cewa to har ta haihu.

Kulu ce ta raka ni, ƙanwar Malam, mai fataucin atamfa. Ita hanyar nan kamar tsakar gidanta ce. Ita kaɗai na nuna wa gwangwanin.

"Matar Yaya, ke fa ba ki da dabara," in ji ta. "Mu shiga kasuwa mu sayi manya jajaye guda huɗu, ki ce bishiya ta yi ƙiba."

"Za ta gane daga ƙwaya ɗaya."

"To ki kai mata wannan ƙwallon kashin awakin, ta jiƙa ta sha."

Na ce Allah ya shirye ki. Muka kama hanya, ni ban san abin da zan sa wa yarinyar nan a hannu ba.

Daga tashar Mando muka tashi bayan asuba. Ni da na saba da kujerar tsakar gida, kafin mu kai Birnin Gwari ƙafafuna sun zama ba nawa ba. Kusa da ni wani dattijo ne Bazamfare mai sayar da agoguna a Ikko, duk hannuwansa agogo ne har gwiwar hannu, kuma ba biyu da suka yi daidai. Na tambaye shi ƙarfe nawa, ya duba wannan ya duba wancan, ya ce, "Hajiya, wanne kike so?" Tun daga nan na daina tambayar lokaci. Na jingina kai da gilashi. In na lumshe ido sai in ga bishiyar tana tafiya a gefen titi tare da mu, ba ta wuce mu, ba ma wuce ta. In na buɗe, sai masu tallan doya da manja.

A Agege muka kwana wurin wata ƙawar Kulu. Ikko ba zan ce na gan ta ba, jin ta na yi. Ƙara ce kawai da ba ta numfashi. Washegari muka nufi boda.

Boda ashe ba katanga ba ce. Ni na ɗauka zan ga ƙofa babba irin ta gari. Sanda ce a gicciye, da rumfuna, da mutane masu tafiya da ƙafa ɗauke da kaya kamar ba wani abu. A ta farko aka duba fasfo da katin rigakafi aka ce mu wuce. A ta shiga Togo ne wani ma'aikaci dogo ya buɗe jakata, ya wuce daddawa, ya wuce kuka da kanwa da yajin jego, hannunsa bai tsaya ko'ina ba sai kan gwangwanin. Ya buɗe, ya warware audugar, ya ɗaga ɗan rumman ɗin sama da yatsu biyu. Ya shinshina. Ya kai kunne ya girgiza. Ni kuwa raina yana tsakanin yatsun nan nasa, don abu ne da in an matsa kaɗan ya zama gari.

Ya yi magana da Faransanci. Kulu ta ce, "Wai asiri ne?"

"Ki ce masa ɗan itace ne."

"Ya ce ɗan itace ne ake yi wa shimfiɗar auduga kamar jariri?"

Ban san lokacin da na miƙa hannu biyu kamar mai roƙo ba. Mutumin ya dube ni, ya daina dariya. Da kansa ya mayar da shi, ya gyara audugar, ya rufe, ya sa mini a tafin hannu. Har da ɗan rusunawa. Allah ya saka masa, ko sunansa ban sani ba.

Tsakanin Kwatano ta ƙasar Benin da Lome ta Togo na ga teku. Maman Sadiya, ga amsarki a rubuce: ba ya ƙarewa. Yana tafiya ne har ya haɗu da sama, sai ka rasa wanne ne ya hau wani. Yana zuwa ya durƙusa a bakin yashi ya koma, ya sake zuwa, kamar mai gaisuwar da ba a amsa masa ba. Na ce wa Kulu, "Wannan ruwa haka, wa yake wa aiki?" Ta ce in rufe baki kada a gane daga inda na fito.

A Lome muka sauka a zango, gidan wata tsohuwa da ake ce wa Iya Abu, mai saukar da mata 'yan kasuwa. Ɗaki ɗaya, katifu a jere, kowa da ƙullin kayanta a matsayin matashi. Kakanninta daga Katsina suka zo da fataucin goro, ita ko Katsinar ba ta taɓa gani ba, amma in ta ce "ɗiyata" sai ka rantse jiya ta baro ta. Ta kawo mana wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawon masara, dokunu suke ce masa, da soyayyen kifi da barkono niƙaƙƙe ɗanye. Loma ɗaya na yi na ce a raina wannan tuwo ya kwana uku. Ashe haka ake son sa. Kafin in tashi na cinye biyu.

Tana zuba mana ruwa sai na ga gyaɗa tana lilo a wuyanta. Gyaɗa sosai, mai ƙwaya biyu, da zanen ɓawonta da ɗan ƙugunta, sai dai tana ƙyalli kamar zinari.

"Iya, fenti kika yi wa gyaɗa?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ciro ta sa mini a hannu. Nauyi! Tagulla ce.

"Maƙeran Kumasi ke yi," in ji ta. "Duk abin da Allah ya halitta, in kin kai musu, sai su mayar miki da shi ƙarfe. Ƙwaro, ganye, ƙafar ƙaguwa. Wannan mijina ya sa aka yi mini, shi ya tafi, ita ga ta."

Na juya na kalli Kulu. Kulu ta kalli jakata. A ranar na fara cin abinci da daɗi tun da muka baro gida.

Mun shiga Kumasi ranar Asabar, gari duk ya yi ja da baƙi. Rumfuna a kan titi, kiɗa, mata da maza cikin zannuwa suna rawa, ga hoton wani tsoho ƙato a kafe yana murmushi. Na ce, "Ikon Allah, tsoho haka zai yi amarya?" Kulu ta ce jana'izarsa ake yi, ya fi wata biyu da rasuwa. Mu da ake sallatar mutum kafin abincin rana ya nuna! Na yi ta mamaki, amma daga baya na ga wata tana rawa hawaye na zuba, na ce to, kuka dai ɗaya ne, kowa da inda yake ajiye shi.

A zangon Kumasi kuwa sai ka ce Tudun Wada. Koko da ƙosai da safe, kiran salla ta ko'ina. Hausarsu ce dai ba ruwanta da mace ko namiji, "ka zo lafiya" surukar 'yata ta ce mini, na waiga ina neman wanda ya biyo ni. Mutanen kirki. Sakwararsu ta rogo da ayaba ce, kuma ba a taunawa, haɗiya ake yi. Ni na tauna, yaran gida suka fita waje don su yi dariya.

'Yar Kumasi ta rame, ta yi fari. Jaririya mace, mai gashi. Na karɓe ta na yi mata addu'a, uwar kuwa na ce mata, "Ke, sannu," ina kallon bango. Ta ce, "Umma, sannu da hanya." Ba a yi minti biyar ba ta ce, "Ina saƙona?"

"Kaya ba su gama kwantuwa ba," na ce.

Mako biyu za mu yi, Kulu ta gama sarinta mu juya. A rana ta uku na ce zan raka ta kasuwa, muka shiga 'yar bas ɗinsu muka tafi wani ƙauye a gefen gari inda maƙeran zubi suke.

Ni maƙera da na sani wuri ne na ƙara da tartsatsi. Nan shiru ne, sai ƙamshin zuma. Mutane zaune a inuwa kowa da ɗan allo a cinya da kwanon ruwa, suna murza kakin zuma kamar masu yin taliya. Aka nuna mana wani tsoho, Baba Kofi, Batone ne, wato ɗan asalin ƙasar, amma a zango ya tashi, yana jin Hausa. Zan mayar da maganarsa irin tamu don kada ku ruɗe. A gabansa akwai tire cike da abubuwan kaki: kifi, ganyen rogo da jijiyoyinsa, fara mai shirin tashi. Duk rawaya, haske na ratsa su. Sai na ji kamar na shiga mafarkin wani.

Ya juya rumman ɗina a tafin hannunsa ya daɗe. Na ba shi labarin duka, abin da ban iya gaya wa 'yar cikina ba na gaya wa baƙo.

"Mma," ya ce, haka suke kiran uwa, "zan sassaƙa irinsa da kaki. In lulluɓe kakin da yumɓu, in gasa, kaki ya narke ya fita, ya bar gurbinsa. A gurbin nan ƙarfe zai zauna. Naki kuma ki koma da abinki. Wane ƙarfe?"

Na kwance ƙullin da na zo da shi. Kun san kowace mace tana da 'yan kunnen da suka rasa 'yan'uwansu. Nawa na shekara talatin na tattaro. Ya riƙa ɗauka ɗaya ɗaya yana gogawa a wani baƙin dutse yana turewa gefe. Har ya zo kan wanda Malam ya kawo mini daga Makka.

"Wannan kam zinari ne," na ce.

Ya goga. Ya dube ni da tausayi. Ya tura shi cikin sauran.

Kulu ta faɗi a kan benci tana riƙe ciki. "Wayyo Yaya! Shekara ashirin tana ɓoye gwangwani a ƙarƙashin gado!"

"Jininku ɗaya ai," na ce, "ke ma atamfar da kika ba ni da salla ta zuba."

A ƙarshe awarwaron azurfa na mahaifiyata da ke hannuna shi kaɗai ya ci jarrabawa. Na zare na ba shi.

Bayan kwana huɗu muka koma. Ya buɗe wani ganye, ga rumman na kaki. Kai, mutumin nan yana da hannu. Da 'yan tsinkayen ƙarfe da yake ɗumamawa a fitila ya fitar da kambin, ya yi masa ɗan ganye ɗaya da zoben rataya. Ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Abin da ya dame ni ke nan. Ya yi sumul, ya cika, kamar bishiyar ba ta taɓa jin ƙishi ba. Na ce ya ba ni in je gida in ajiye su gefe da gefe in duba da kyau, gobe in dawo da shi. Ya naɗe a ganye ya ce, "Kada ki bari rana ta gan shi."

To ni ina mace take ajiye abin da take ji da shi? Na tura shi cikin rigar mama, na ce nan kam rana ba ta isa ba. Muka shiga bas, mutum a kan mutum. Muna isa gida na tarar lokacin wankan yamma ya yi, na hau hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwan zafi, na dama kunun kanwa, na yi wa maijego wanka da ganye, tururi kamar zai dafa mu. Sai da na zo alwalar magariba na ji wani abu ya manne mini. Na ciro. Ya zama kamar ƙosan da aka taka.

Na kira Kulu bayan ɗaki na nuna mata. Ta buɗe baki za ta fara, ta ga fuskata, ta rufe. Karo na farko ke nan a tarihinta.

Da muka koma ɗaki 'yar Kumasi tana shayarwa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Umma, ko an ƙwace a boda ne? In an ƙwace ki faɗa mini, ba komai."

Ga ƙofa a buɗe, ƙarya ɗaya ce in huta. Na ce, "Ba a ƙwace ba."

Washegari Baba Kofi ya kalli abin da na kawo, ya tambayi inda na ajiye. Kulu ta nuna masa da haɓa. Tsohon nan ya yi dariya har ya share ido da gefen zaninsa.

"Kaki ba ya son ƙauna da yawa, Mma."

Sannan ya lissafa da yatsu. Sabuwar sassaƙa kwana huɗu, bushewar yumɓu kwana huɗu, mu kuma saura mana shida.

"Akwai hanyar kakanninmu," ya ce. "Ba a sassaƙa komai. Shi kansa ɗan itacen ake lulluɓewa da yumɓu. Wuta ta cinye shi, azurfa ta zauna a inda ya zauna. Duk wata tamoji da tsaga za su fito, don shi ne, ba kamarsa ba. Amma ki ji da kyau. Ba zai dawo ba. In yumɓu ya tsage a wuta, ko toka ta toshe hanya, babu rumman, babu na azurfa. Yana faruwa. Ni ma yana faruwa da ni."

Kulu ta ce, "Matar Yaya, mu tafi da abinmu. Ko banza kin kai mata wani abu ta gani."

Na riƙe gwangwanin. Na tuna yadda kullum in na buɗe sai na ga ɗan gari a kan audugar, yana ci gaba da marmashewa ko ban taɓa shi ba. Shekara ɗaya, biyu, sai auduga kawai. Na yi bisimilla na miƙa.

Kafin ya fara ya kai shi kunne ya girgiza. Ya ɗauki wata siririyar allura ya faɗaɗa tsakiyar kambin, ya riƙa zungurowa a hankali. Wasu 'yan ƙwayoyi busassu suka zubo a tafin hannunsa.

"Waɗannan ba sa ƙonewa da kyau, suna ɓata zubi," ya ce. Zai watsar, na tare hannunsa. Na ƙulle su a bakin mayafi.

Ya cika cikin da yumɓu mai gawayi, ya shafa wa bayan kaki siriri kamar numfashi don ɓawon ya yi kauri, ya manna zoben rataya da wata 'yar sandar kaki da za ta zama hanyar ƙarfe. Sannan ya tsoma gashin kaza a ruwan yumɓu mai laushi ya fara shafawa. Ina kallo kambin ya ɓace, tsagar ta ɓace. Ya zama ɗan dunƙulen laka a kan tire cikin 'yan'uwansa, ba mai cewa ga nawa.

Kwana huɗun nan ban san yadda na yi su ba. Ina wanka, ina dama kunu, ina goya jaririya, amma rabina yana can kan tire yana shan rana. In hadari ya taso sai gabana ya faɗi. Yarinyar ta daina tambaya, wannan kuwa ya fi tambayar ciwo.

Ranar zubi da sassafe muka je. Ya riga ya gasa dunƙulen, ya busa tokar ta fita da ɗan bututu. Ya nuna mini ramin, baƙi, ba komai a ciki. Ya yanyanka awarwaron mahaifiyata ya zuba a wani ɗan koko na yumɓu, ya kifa shi a bakin ramin ya liƙe su tare, suka zama kamar ɗan gora mai kai biyu. Ya binne a gawayi, ɓangaren azurfar a ƙasa, ya kama zugazugi.

Wutar ta fara ja, ta koma ruwan ɗorawa, ta koma wani launi da ban san sunansa ba. Zugazugin na numfashi kamar mai barci. Na zauna a kan kututture ina kallo, sai ga ni a bayan ɗakinmu na kwatas da hantsi. Ga inuwar tana motsi a bango. Ga yarinya da ɗan kwanonta ta juya mini baya tana fushi, ga jajayen furanni suna faɗowa a kanta ɗaya ɗaya ba ta sani ba. Ina so in kira ta, bakina ya ƙi. Har ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa na ji.

"Mma, tashi."

Ya sa awartaki ya ciro shi jawur, ya juya shi sama ta koma ƙasa, sau ɗaya, cak. Ya ajiye a kan yashi. Shi ke nan wai. Duk abin da zai faru ya faru a cikin wannan juyin, ba wanda ya gani.

Muka jira ya huce. Kulu tana ta jan carbi, ita da ban taɓa gani da shi ba sai a mota in direba na gudu. Ya tsoma a ruwa ya yi cuu. Ya ɗauki 'yar guduma ya ba ni.

"Ke za ki fasa."

Na ƙwanƙwasa. Yumɓun ya rabe. Wani baƙin abu ya gangaro, ƙazami, kamar gawayi. Na ce inna lillahi, ya ƙone. Baba Kofi ya ɗauka ya yanke sandar, ya sa burushi da ruwan lemun tsami yana gogawa. Sai fari ya fara ɓullowa. Kambin ya fito, ƙaho biyar, na shidan bai cika ba, azurfa ba ta kai can ba. Ya juya shi. Ga tsagar tsuntsun nan, daidai inda take.

Ya ce zai iya gyara ƙahon da ya gaza. Na ce ya bar shi.

Ranar da za mu taso, bayan wankan safe, 'yar Kumasi tana zaune a bakin gado ta naɗe da zani, jaririya na barci. Na shiga na zauna, abin da ban saba ba. Na kamo hannunta na sa mata, na rufe da yatsunta.

Ta buɗe. Ta daɗe tana juya shi. Ta sa farce a cikin tsagar.

"Na bishiyata ne."

"Naki ne."

"An sare ta ko?"

"An sare."

"Tun yaushe?"

"Cikinki na wata biyar."

Na zuba ido ina jiran abin da na yi wata da watanni ina tsoro. Hawaye suka zo, ba ta hana su ba. Sai ta ɗaga shi ta ɗora a kan harshe, ta runtse ido kamar yadda take yi tana ƙarama, ta yi dariya cikin kukan.

"Umma, babu tsami."

"Shi ne abin da tsohon bai iya zubawa ba."

"Da kin faɗa mini ai da mun yi kukan tare. Ke kaɗai kika yi ta ɗauka har ƙasa uku."

Na kwance bakin mayafi na nuna mata ƙwayoyin. Bakwai ne. Na gaya mata gaskiya, ɗan bai nuna ba ya bushe, da wuya su yi rai. Ta ƙirga huɗu ta ajiye, ta mayar mini da uku. Jaririyar ta farka, ta ɗauke ta ta sa a nono, na tsaya har na ji tana haɗiya sannan na fita.

Dawowa ba ni da labarinta, barci na yi ta yi, Kulu na ta faɗa da masu kaya.

Masu tambayar tsaraba, dokunu ba ya kai Kaduna, ku yi haƙuri da sabulun salo da na rarraba. Gwangwanin madara kuma da kuke gani kusa da randa, ƙwayoyin nan uku na shuka a ciki, don Allah a daina zuba masa ruwan wanke hannu, kuma Ladi ki ɗaure akuyarki. Yau kwana goma sha tara, ƙasa ce kawai a ciki. Jiya da hantsi 'yar Kumasi ta bugo waya.

"Umma, naki ya fito?"

"Bai fito ba."

"Nawa ma."

Ina jin numfashin jaririyar ta cikin wayar, ita ma na san tana jin tattabarun gidan nan. Muka daɗe a haka, ba wadda ta kashe.